Jarin Farko Da Cibiyoyin Hanzarta Kamfanoni: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Asara?

Sabon kamfanin fasaha yakan fara ne da mutum biyu ko uku, da kwamfuta, da wata dabara da ba a taɓa gwada ta a kasuwa ba. Ba shi da fili, ba shi da gini, ba shi da kaya a sito. Banki kuwa jingina yake nema da tarihin ciniki, don haka ko sauraron irin wannan kamfani ba ya yi. Hanyoyi biyu ne suka yi fice wajen cike wannan giɓi, kuma dukansu a Amurka suka bunƙasa. Ta farko ita ce ta masu jarin farko, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da mala'iku: attajirai ne da ke sa kuɗin aljihunsu a kamfanin da bai tsaya da ƙafarsa ba, a ba su kaso a cikinsa. Ta biyu ita ce cibiyar hanzarta kamfanoni, wadda ke zaɓo gungun sababbin kamfanoni lokaci guda, ta ba kowanne ɗan jari, ta horar da masu shi na kimanin wata uku, sannan ta shirya ranar baje koli inda za su tsaya gaban manyan masu zuba jari su tallata kansu. A duka biyun galibi ba bashi ake bayarwa ba. Idan kamfani ya mutu, kuɗin ya tafi ke nan, babu mai bin wani.

Jarin farko ya girmi cibiyoyin nesa ba kusa ba. A 1977 Mike Markkula ya shigar da dala 250,000 a Apple, wani ɓangare jari wani rance. A 1998 Andy Bechtolsheim ya rubuta wa Google cek na dala 100,000 tun kafin a yi wa kamfanin rajista, sai da masu shi suka kammala takardu kafin su iya kai cek ɗin banki. A 2004 Peter Thiel ya ba Facebook dala 500,000 a kan kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma da ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2012 ya kwashi sama da dala biliyan ɗaya. Cibiyar hanzartawa a siffarta ta yau kuwa ta fara ne a 2005, lokacin da Paul Graham da Jessica Livingston da Robert Morris da Trevor Blackwell suka kafa Y Combinator a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Kamfanoni takwas ne a rukunin farko, ciki har da Reddit, da kuma Loopt na Sam Altman. Techstars ta biyo baya a 2006 a Boulder da ke Colorado, sai 500 Startups a 2010, daga nan abin ya bazu har ya zamana da wuya a sami babban birnin da ba shi da tasa.

Sharuɗɗan Y Combinator su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A shekarun farko kuɗin bai wuce dala 20,000 ba, a kan kimanin kashi 6 cikin ɗari. A 2014 ya koma dala 120,000 a kan kashi 7. Tun daga Janairun 2022 jimillar ta zama dala 500,000: dala 125,000 a kan kashi 7, sauran dala 375,000 kuma a kan wata takarda da ake kira SAFE, wadda cibiyar da kanta ta ƙirƙiro a 2013. Abin da takardar ke nufi shi ne a karɓi kuɗi yau, a jinkirta tantance yawan kason mai kuɗin sai ranar da wasu manyan masu jari suka zo suka yi wa kamfanin ƙima. Babu ruwa a kanta, babu kuma ranar biya.

Hujjar masu goyon bayan wannan tsari ta farko mai sauƙi ce: yana kai kuɗi inda babu wanda zai kai. Misalin da suka fi bugun ƙirji da shi Airbnb ne. A 2008 masu shi sun rasa mai ba su jari, bashin katin banki ya yi musu katutu, har suka koma sayar da kwalayen abincin karin kumallo masu hoton 'yan takarar shugaban ƙasa don su sami na rufin asiri. A farkon 2009 Y Combinator ta ɗauke su da dala 20,000. An ba su shawarar su bar kujera su tafi New York, inda mafi yawan masu amfani da shafinsu suke, su bi su gida gida. Suka je, suka ɗauki hotunan ɗakunan da kansu, ciniki ya motsa, kuma cikin watanni kaɗan kamfanin zuba jari na Sequoia ya jagoranci zuba musu kimanin dala 600,000. Ranar da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a Disamban 2020 darajarsa ta haura dala biliyan 80. Dropbox da Stripe da Coinbase da DoorDash duk ta wannan ƙofa suka bi.

A labarin Airbnb akwai abin lura: dala 20,000 ba ta isa ta gina komai ba. Abin da ya yi aiki shi ne shawarar, da kuma ƙofar Sequoia da aka buɗe. A nan hujja ta biyu take, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Matashin da ya iya rubuta manhaja galibi bai san yadda ake yanka farashi ba, bai san yadda ake ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa ba, bai san wace magana ce a takardar yarjejeniya za ta zame masa ƙarfen ƙafa bayan shekara biyar ba. Mai jarin farko na ƙwarai yawanci tsohon mai kamfani ne da ya sha waɗannan wahalhalu. Cibiya kuma tana ƙara abin da mutum ɗaya ba zai iya bayarwa ba, wato sa'o'i: wanda ya ga takwaransa ya ninka abokan ciniki cikin mako biyu ba zai yi barci mai nauyi ba. Sunan cibiyar shi ma shaida ne. Tunda Y Combinator ba ta ɗaukar fiye da ɗaya ko biyu cikin kowane ɗari da suka nema, mai jarin da ya ga sunanta a kan kamfani ya san an riga an yi masa rabin tankaɗe.

Game da kason da ake karɓa, Graham ya kawo wani lissafi da har yau ake maimaitawa. Wanda ya ba da kashi 7 ya rage da 93, saboda haka idan cibiyar ta ƙara wa kamfanin daraja da abin da ya wuce kashi 7.5 cikin ɗari, mai kamfani bai yi asara ba. Ga wanda ke hannun cibiya mai suna, wannan ƙaramin shinge ne.

Akwai kuma bincike da ke mara wa wannan ɓangare baya. William Kerr da Josh Lerner da Antoinette Schoar sun duba takardun ƙungiyoyi biyu na masu jarin farko a Amurka, Tech Coast Angels da CommonAngels. Dabararsu ita ce kwatanta kamfanonin da suka sami jari da ƙyar da waɗanda suka rasa shi da ƙyar, domin waɗannan rukunai biyu kusan ingancinsu ɗaya ne. Sun gano cewa waɗanda suka samu sun fi daɗewa a raye kuma sun fi ɗaukar ma'aikata.

Masu suka ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai ba. Abin da suke cewa shi ne a duba lissafin da ke ƙarƙashinsu. A 2012 Graham da kansa ya bayyana cewa darajar dukan kamfanonin da Y Combinator ta tallafa ta kai kimanin dala biliyan 10, amma Dropbox da Airbnb kaɗai sun ɗauke kusan kashi uku cikin huɗu na wannan adadi. Binciken Robert Wiltbank da Warren Boeker na 2007 a kan masu jarin farko ya nuna siffa iri ɗaya. A jimlace kuɗin ya ninka sau 2.6 cikin shekara uku da rabi, wanda riba ce mai kyau. Sai dai kashi 52 cikin ɗari na jarin da aka zuba bai dawo da uwar kuɗi ba, yayin da kashi 7 kacal suka samar da kashi 75 na dukan abin da aka samu. Wannan sana'a ce da ɗaya ke biyan asarar ashirin.

Daga nan ne saɓanin buƙata ke tasowa, kuma shi ne ƙashin bayan muhawarar gaba ɗaya. Cibiya ko attajiri yana da kamfanoni hamsin ko ɗari biyar a hannu, mai kamfani kuwa ɗaya yake da shi. Kamfanin da ke kawo ribar dala miliyan ɗaya a shekara, yana ciyar da ma'aikata talatin, babbar nasara ce ga wanda ya kafa shi. Ga mai jari kuwa kusan asara ce, domin ba za a taɓa sayar da shi a farashin da zai rufe ramukan sauran ba. Saboda haka shawarar da ke fitowa daga ɓangaren mai jari kusan kullum fuska ɗaya take kallo: a yi sauri, a faɗaɗa, a ƙona kuɗi a kama kasuwa, riba ta zo daga baya. Idan aka tura kamfanoni ɗari wannan hanya, casa'in suka faɗi, biyu suka zama gagarabadau, mai jari ya ci. Cikin casa'in ɗin nan akwai waɗanda da an bar su su yi tafiyar hawainiya da sun rayu. Ba mugunta ce ke kawo haka ba, tsarin ribar ne, kuma mai jari mai gaskiya ba ya ɓoye shi. Masu suka sukan kawo Mailchimp na Atlanta, wanda bai karɓi jarin waje ba tun kafa shi a 2001, har Intuit ta saye shi a 2021 a kan kimanin dala biliyan 12, mallakar tana hannun waɗanda suka kafa shi.

Lissafin kashi 7 ɗin ma bai ƙare a inda Graham ya tsaya ba, domin cibiya ƙofar farko ce kawai. Bayan baje koli akan sayar da wajen kashi 20 a zagaye na gaba, haka kuma a na bayansa. Wanda ya rage da 93 zai koma 74, sannan 59, sannan 47, kafin a cire kason da ake ware wa ma'aikata. A zagaye na uku ko na huɗu majalisar daraktoci ta fita daga hannunsa, kuma tana iya tsige shi daga kamfanin da ya haifa. Manyan masu jari kuma sukan sa sharaɗin cewa idan an sayar da kamfani su za a fara biya kafin kowa. Kamfanin da ya tara dala miliyan 30 aka sayar da shi a miliyan 25 na iya barin masu kafa shi hannu rabbana. Takardar SAFE ta ƙara wani tarko ga marar ƙwarewa: tunda ba a ganin kason a take, mutum na iya sa hannu a guda biyar ko shida, sai ranar da aka juya su hannun jari ya tarar ya sayar da fiye da yadda yake zato.

Wata tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce ko cibiya ce ke gina kamfani, ko kuwa gwanayen da za su yi nasara ko ta halin ƙaƙa take tsinta. Wanda ya zaɓi ɗaya cikin ɗari dole ya tashi da hazikai, kuma nasararsu ba ta tabbatar da cewa horon wata uku ne ya yi ta. Amsa mafi tsabta ta fito ne daga ƙasar Chile. A 2010 gwamnatin ƙasar ta buɗe Start-Up Chile, tana ba kowane kamfani kimanin dala 40,000 kyauta, ba tare da karɓar kaso ba, haɗe da ofis da bizar shekara ɗaya. Juanita González-Uribe da Michael Leatherbee sun bi diddigin kamfanonin, suka gano cewa kuɗi da ofis kaɗai ba su nuna wani tasiri ba, amma waɗanda aka haɗa musu da horo da bibiya a kai a kai sun fi samun jari da ɗaukar ma'aikata. Binciken Sandy Yu kuma ya nuna cewa kamfanonin da suka bi ta cibiya sun fi saurin rufewa, kuma sukan rufe kafin su cinye kuɗi masu yawa. Kowane ɓangare yana jan wannan sakamako wajensa, amma fassarar da ta fi dacewa ita ce cibiya tana gaggauta bayyanar gaskiya. Matashin da ya gane cikin shekara ɗaya cewa dabararsa ba za ta ci ba ya fi wanda ya kwashe shekara shida kafin ya gane.

Idan horo da haɗin mutane ne ke aiki, to ingancin cibiya shi ne komai, kuma a nan masu suka suka fi gaskiya. Cibiyoyin da suka amsa sunansu 'yan kaɗan ne, masu kwaikwayo kuwa dubbai. Ɗaki da kujeru da intanet da jerin laccoci abu ne mai sauƙin tanada. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne gogaggun da suka taɓa gina kamfani, da masu jarin da za su cika zauren baje koli da niyyar rubuta cek. Cibiyar da ba ta da waɗannan biyu, idan ta karɓi kashi 7, ƙwace ta yi da sunan taimako. Mafi muni su ne masu karɓar kuɗi daga hannun matasan. Newchip ta birnin Austin a Texas tana cajin dubban daloli, tana kuma karɓar takardun da ke ba ta damar sayen hannun jari a kamfanonin da suka shiga. Da ta durƙushe a 2023, waɗannan takardu suka zama kadarar da kotu ke da ikon gwanjonta don biyan masu bin bashi, masu kamfanoni suka wayi gari ba su san wa zai shigo musu gida ba. Ko manyan ma ba su tsira daga matsin kasuwa ba: a 2024 Techstars ta sanar da rufe shirye-shiryenta na Seattle da na Boulder, mahaifarta.

Shi kansa mai jarin farko yana cikin haɗari fiye da yadda labaran Thiel ke nunawa. Kuɗinsa zai kwanta shekara bakwai zuwa goma ba ya iya taɓa shi, domin ba a sayar da hannun jarin ƙaramin kamfani a kasuwa. Wanda ya zuba a kamfani biyu ko uku kawai caca ya yi, tunda lissafin bai fara aiki sai da yawa. Wiltbank da Boeker sun kuma lura cewa waɗanda suka ɗauki lokaci mai tsawo suna bincike kafin su ba da kuɗi sun sami riba ninkin ba ninkin fiye da masu gaggawa. Wannan haɗari ne ya sa dokar Amurka ta taƙaita irin wannan jari galibi ga mai samun dala 200,000 a shekara ko mai dukiyar da ta kai dala miliyan ɗaya ban da gidan zamansa. Dokar tana kare talaka, amma ta kuma tabbatar da cewa ƙofar ta masu hali ce, kuma masu hali sukan ba wanda suka sani ko wanda ya yi kama da su. A Amurka kamfanonin da mata zalla suka kafa ba sa samun fiye da kimanin kashi 2 cikin ɗari na jarin da ake zuba wa sababbin kamfanoni, shekara da shekaru.

Najeriya ta shiga wannan labari sosai a 2016, lokacin da Paystack na Shola Akinlade da Ezra Olubi ya zama kamfanin ƙasar na farko da Y Combinator ta ɗauka, Flutterwave kuma ya biyo baya a shekarar. A Oktoban 2020 Stripe ta sayi Paystack a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Cinikin ya yi wa masu goyon baya rana: 'yan Najeriyar da suka sa kuɗi tun farko sun kwashi riba, wasu ma'aikatan kamfanin suka fita suka kafa nasu ko suka zama masu jarin farko su ma. Tun kafin nan an riga an yi shimfiɗa: cibiyar CcHub da Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa a Yaba ta Legas a 2010, ƙungiyar Lagos Angel Network a 2012, da makarantar MEST a Accra tun 2008.

Amma a nan tsarin ya haɗu da matsalolin da ba shi da su a California. Mai jarin Amurka yana son kamfanin da aka yi wa rajista a jihar Delaware, saboda haka yawancin kamfanonin da ake kira na Najeriya a takarda 'yan Amurka ne masu reshe a Legas. Da bankin Silicon Valley ya rushe a Maris 2023, hankalin masu kamfanoni a Legas da Nairobi ya tashi, domin can kuɗin wasunsu yake. Sannan jarin da dala yake shigowa, ciniki kuwa da naira ake yi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya ninka cinikinsa sau biyu a wannan tsakani, a idon mai jarinsa baya ya ci. Da kuɗin ruwa ya hau a Amurka jarin ya ja da baya: ƙididdigar kamfanin Partech ta nuna abin da kamfanonin fasahar Afirka suka tara ya sauko daga dala biliyan 6.5 a 2022 zuwa biliyan 3.5 a 2023. A shekarar ce kamfanin 54gene, wanda ya bi ta Y Combinator ya kuma tara kimanin dala miliyan 45, ya rufe. Sai kuma babbar matsalar mafita. Mai jari ba ya ganin kuɗinsa sai an sayi kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari, kuma ciniki irin na Paystack bai yawaita ba.

Rabon ma bai yi daidai ba. Ƙasashe huɗu, Najeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu, su ke kwashe mafi yawan jarin nahiyar, a cikin Najeriya kuma Legas ce ke lashe kusan duka. Arewa tana da cibiyoyinta, irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da Startup Kano, da kuma Ventures Platform a Abuja, amma manyan masu jari ba su cika tsallako Neja ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka taɓa manoman yankin ta wannan hanya shi ne ThriveAgric, wanda ya shiga Y Combinator a 2019. A 2020 ya kasa biyan ƙananan masu zuba masa kuɗi a kan lokaci, daga baya ya farfaɗo, ya koma dogaro da rancen bankuna da manyan hukumomi. Noma yana da damina da rani da farashin taki, ba ya ninkuwa duk wata kamar manhaja, kuma kuɗin da ya dace da shi ba lallai ne ya zama irin na Silicon Valley ba.

Ba wai ƙasar Hausa ba ta san ba wa matashi jari ba. A Kantin Kwari da kasuwar Singa da Dawanau, ubangida yana riƙe yaro shekaru a shago, ya koya masa ciniki, ya haɗa shi da diloli, sannan ya sallame shi da jari ko da kaya bashi. Abubuwa ukun da cibiya ke alfahari da su, wato kuɗi da horo da haɗin mutane, duk suna nan. Bambancin yana wajen lissafi. Ubangida ya san haja, ya san yaron, kuma yana sa ran mafi yawan yaransa za su tsaya da ƙafarsu da riba daidai gwargwado. Mai jarin farko yana sa ran mafi yawa za su faɗi. Attajirin Kano da ya saba juya kuɗinsa sau da yawa a shekara a shinkafa ko atamfa, idan aka ce ya kwantar da shi shekara takwas a abin da ba ya gani, da yiwuwar ya rasa duka, ƙin da zai yi ba jahilci ba ne.

Ta fuskar shari'a, asalin tsarin bai yi nisa da abin da fiƙihu ya sani ba. Ƙiradi, wanda ake kira mudaraba, shi ne ɗaya ya kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, asara kuma ta hau kan dukiya. Sayen hannun jari na gama-gari a kamfanin da sana'arsa halal ce ya fi kusa da musharaka. Inda ake samun tangarɗa shi ne takardun da ake lulluɓe jarin da su. Rancen da ake juyawa hannun jari daga baya yana ɗauke da ruwa. Hannun jari mai fifiko, wanda ke ba mai shi damar karɓar uwar kuɗinsa kafin sauran abokan tarayya, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC) ba ta halatta shi ba, domin ya saɓa wa ƙa'idar raba asara gwargwadon jari. SAFE ba ta da ruwa, sai dai rashin sanin kason a lokacin ƙulla ciniki ya sa ana tambaya a kanta. Duk waɗannan ana iya sake musu tsari, amma sai mai jari ya yarda ya sauka daga wasu kariyar da ya saba da su.

Gwamnatoci sun shiga da nasu, kuma a kansu ma ra'ayi ya rabu. Birtaniya ta fito da shirin SEIS a 2012, wanda ke yafe wa mai jarin farko harajin da ya kai rabin abin da ya zuba. Dokar sababbin kamfanoni ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, ta bi wannan sawu: ta tanadi rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari ga mai zuba jari a kamfanin da hukumar NITDA ta ba shaida, da yafe harajin riba idan an riƙe hannun jarin wata 24, da asusun jarin farko na aƙalla naira biliyan 10 a shekara. Masu yabo suna ganin wannan zai jawo kuɗin cikin gida, ya rage dogaro da dala. Masu shakka suna cewa rangwamen haraji ba ya ƙirƙiro mai sayen kamfani, kuma jami'in gwamnati ba shi ne gwanin tsintar dabara mai ci ba. Gidauniyar Tony Elumelu ta ɗauki wata hanya dabam tun 2015, inda ta ware dala miliyan 100 don matasa 10,000 a faɗin Afirka, kowanne da horo da dala 5,000, ba tare da karɓar kaso ba. Wannan kuɗi ba zai gina Paystack ba, kuma ba a nufe shi da haka ba. Ya fi dacewa da mai kiwon kaji da mai sarrafa gyaɗa da mai ɗinki, waɗanda su ne mafi yawan masu neman jari, kuma waɗanda cibiyar hanzartawa ba don su aka gina ta ba tun asali.